Mako bakwai ban je sujada ba, ba wanda ya neme ni

Habila_77:
Salama 'yan'uwa. Kwanakin baya na kwanta rashin lafiya, mako bakwai cur ban taka majami'a ba. Shekarata shida a wannan ikilisiya, wurin zamana ma ba ya canzawa, layi na huɗu daga baya. Duk tsawon jinyar nan saƙo ɗaya tak ya shigo wayata daga coci, shi ma irin wanda ake tura wa kowa, ana tuna mana alkawarin kuɗin gini. Ranar da na koma, yaron da ke tsaye a bakin ƙofa ya yi mini murmushi, ya miƙo mini katin baƙi wai in cika.

Ina kwance na yi ta maimaita Ayyukan Manzanni 2:42-47. Mutanen nan sun riƙe abu huɗu: koyarwar manzanni, zumunci, gutsuttsura gurasa da addu'a. Kullum suna tare, suna shiga gidajen juna. A 4:34 aka ce babu mai rashi a cikinsu. To abin da muke yi yau, awa biyu ranar Lahadi kowa ya kama gabansa, shi ne abin da Yesu ya bari? Ko mun ɗauki suna ne mun bar abin? Ba fushi nake ba, so nake in gane.

Saratu_D:
Sannu da jiki ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Katin baƙin nan ya sa na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi.

Ishaya_MaiBishara:
Habila, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni a wurina gini ne tushen matsalar. Duba Sabon Alkawari daga farko har ƙarshe, ba za ka ga inda manzanni suka kafa kwamitin gini ba. Ikilisiya tana taruwa a gidan Bilkisu da Akila (Romawa 16:5), a gidan Nimfa (Kolosiyawa 4:15), a gidan Filimon. Ɗaya daga cikin wuraren sujadar Kirista mafiya daɗewa da masu tonon tarihi suka gano, a Dura-Europos ta ƙasar Siriya, gidan zama ne aka gyara wajen shekara ta 240. An rushe bango ɗaya aka haɗe ɗaki biyu, ya ɗauki mutum sittin zuwa saba'in. Yawancin manya-manyan gine-gine sai bayan 313, da sarki Konstantin ya ba Kirista 'yancin yin sujada. A ɗakin mutum talatin ba za ka ɓace mako bakwai ba a sani ba. Tun da aka jera mu layi-layi kowa na kallon ƙeyar ɗan'uwansa, zumunci ya kwanta dama.

Dattijo_Yakubu:
Ishaya ɗana, ka karanta rabin aya ka bar rabi. Wannan Ayyukan Manzanni 2:46 ɗin da ke maganar gida-gida, ita ce ta fara cewa kowace rana suna taruwa a Haikali. Ranar Fentikos mutum wajen 3,000 aka yi wa baftisma, a 4:4 maza kaɗai sun kai 5,000. Wane ɗaki ne zai ɗauke su? A 5:12 a shirayin Sulemanu suke haɗuwa. Bulus ma a Afisa shekara biyu ya yi yana koyarwa a makarantar Tiranus. Suna da babban taro, suna da ƙarami. Mu ne muka riƙe babban muka saki ƙaramin. Kada a ɗora wa bulo da siminti laifin zuciya.

Ishaya_MaiBishara:
Ranka ya daɗe, na karɓi gyara a kan Haikali. Amma Haikalin ba nasu ba ne, makarantar Tiranus ma ta wani ce. Ba su ci bashi don su gina ba, balle su bi marar lafiya da saƙon tuni.

Rifkatu_B:
Ku yi haƙuri in ɗan yayyafa wa zancen ruwa. Muna maganar ikilisiyar farko kamar mala'iku ne suka cika ta. Daga sura 2 ka ƙara sura huɗu kawai, a 6:1 gunaguni ya tashi, don ana mantawa da gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon yau da kullum. Wato abin da ya sami Habila ya sami waɗansu mata a Urushalima, manzanni goma sha biyu suna nan da ransu. A Koranti kuwa, wajen Jibin Ubangiji wani na jin yunwa wani ya bugu (1 Korantiyawa 11:21). Wannan ya ce shi na Bulus ne, wancan na Afolos. Cikin ikilisiyoyi bakwai na Wahayi, biyar sai da aka tsawata musu.

Abin da ya burge ni a sura 6 shi ne abin da aka yi da kukan. Ba a ce wa matan su daina gunaguni su yi addu'a ba. An tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, kuma ku duba sunayensu: Istifanas, Filibus, da sauran, duka sunayen Helenanci ne. Alama ke nan ɓangaren da aka ƙware aka danƙa wa aikin. Habila, da za ka kai kukanka yau, me kake tsammani za a yi?

Danladi99:
Duk masu son mu koma Ayyukan Manzanni, wa zai fara sayar da filinsa ya kawo kuɗin? Ina jira a nan.

Malam_Dauda:
Danladi, ba doka ba ce. Karanta 5:4, Bitrus ya gaya wa Hananiya cewa kafin ya sayar filin nasa ne, bayan ya sayar ma kuɗin na hannunsa. Ƙarya ce ta kashe shi da Safiratu, ba riƙe kuɗi ba. Maryamu uwar Markus tana da gidanta a sura 12, har da baiwa mai buɗe ƙofa. Kuma ba mu ga an maimaita tsarin Urushalima a Antakiya ko Afisa ba. Abin da muka gani shi ne Bulus yana tara gudummawa daga Makidoniya da Akaya don matalautan Urushalima, kowa ya ware gwargwadon samunsa a ranar farko ta mako (1 Korantiyawa 16:2). Akwai dai waɗanda suka ɗauki abin a zahirinsa. Hutteriyawa, wata ƙungiyar Kirista, sun fara haɗa dukiyarsu wuri ɗaya a Morabiya ta ƙasar Turai a 1528, har yau zuriyarsu na zaune haka a Kanada da Amurka.

Danladi99:
To ai ga shi nan. Gudummawar Bulus ta matalauta ce. Tamu fa? Zakka, baikon godiya, baikon gini, baikon mota. Nuna mini aya ɗaya a wasiƙun Bulus da ya umarci al'ummai su ba da ushiri.

Asabe_J:
Kai Danladi, kowace magana sai ka karkata ta zuwa zakka. Ka karanta Malakai 3:10 ka huta.

Danladi99:
Malakai da Isra'ila yake magana, 'yar'uwa. Ni 2 Korantiyawa 9:7 na riƙe.

Shugaban_Zaure:
Danladi da Asabe, maganar zakka tana da nata zaren, kun san inda yake. A dawo kan tambayar Habila don Allah.

Fasto_Bulus:
Ɗan'uwa Habila, kafin komai, a madadin mu masu kiwo ina ba ka haƙuri. Ba ikilisiyata kake ba, amma ba zan rantse cewa irin wannan bai taɓa faruwa a hannuna ba.

Bari in faɗi namu ɓangaren. Littafi bai san fasto ɗaya mai ɗauke da komai ba. Bulus da Barnaba dattawa suka naɗa a kowace ikilisiya (Ayyukan Manzanni 14:23), Titus ma dattawa aka ce ya naɗa a kowane gari na Karita. Afisawa 4:11-12 ta ce aikinmu shi ne mu shirya tsarkaka domin su yi hidimar. Tun a Fitowa 18 Yetro ya gaya wa Musa zai kashe kansa in bai raba jama'a dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma ba. Duk mun san wannan, mun rubuta jarrabawa a kai.

Amma ga abin da ke faruwa. Na raba ziyara tsakanin dattawa. Wata mata aka kwantar da mijinta, dattijo biyu da shugabar mata suka je har sau uku, suka yi addu'a, suka kwana da ita a asibiti dare ɗaya. Da aka sallame shi ta tsaya a gaban jama'a tana shaida, ta ce ta gode wa Allah ko da yake ikilisiya ba ta zo ba. Nufinta ni ban zo ba. Mu fastoci mun koya wa mutane cewa mu ne ikilisiya, wasunmu ma suna jin daɗin hakan, yanzu kayan ya fi ƙarfin wuyanmu.

Saratu_D:
Fasto, gaskiya ka faɗa. Ni ma in ba fasto ne ya ɗora mini hannu ba sai in ji kamar addu'ar ba ta wuce rufi ba. Allah ya gafarta mini.

Mama_Talatu:
'Ya'yana, ni ban iya dogon rubutu ba, amma maganar almajiranci ce ba ku taɓa ba tukuna. Markus 3:14 ta ce ya zaɓi sha biyun domin su kasance tare da shi, sannan ya aike su. Zama tare ne a gaba. Sun ga yadda yake barci, yadda yake amsa wa masu zaginsa, yadda yake fita da asuba yin addu'a.

Lokacin da na tuba ina da shekara 19, wata tsohuwa ce ta riƙe ni, yanzu tana wurin Ubangiji. Ba ta da takardar makarantar Littafi. Duk Alhamis da yamma ina wurinta. Mu karanta aya biyar ko shida, sai ta rufe littafin ta dube ni ta ce, wa kika ɓata wa rai a makon nan? In na faɗa, sai ta tashi ta ce mu je. Da ƙafarta take raka ni in ba da haƙuri, ta tsaya daga waje tana jirana. Shekara huɗu muna haka. Na ji wa'azi ya fi dubu a rayuwata, ban iya tuna goma ba, amma tambayar nan har yau tana bina. Abin da Titus 2 ke nufi ke nan da tsofaffin mata su koya wa ƙanana. Yanzu almajiranci ya zama aji na mako goma sha biyu, a ba ka takardar shaida, ka rataye a bango.

Ishaya_MaiBishara:
Mama, Allah ya ƙara miki lafiya. Matiyu 28:20 ba ta ce a koya musu su sani ba, cewa ta yi a koya musu su kiyaye. Wa zai san ko ka kiyaye in bai san ƙofar gidanka ba?

Malam_Dauda:
Kada dai mu raina ajin gaba ɗaya. A ƙarni na uku, a wasu wurare mai neman baftisma yakan yi shekara uku ana koya masa. Kafin a karɓe shi kuma akan tambayi waɗanda suka kawo shi: yana girmama gwauraye? Yana ziyartar marasa lafiya? Aji ne, amma halinsa ake aunawa.

Danladi99:
Shekara uku? Baban nan na Habasha a kan hanya Filibus ya yi masa baftisma. Mai tsaron kurkukun Filibi a daren ya samu shi da iyalinsa. Kun ga, tun wuri ma an fara ƙara gishiri.

Malam_Dauda:
Baban Habasha daga sujada a Urushalima yake dawowa, littafin Ishaya na hannunsa. Ba daga sama ya faɗo ba. Amma na ba ka mai tsaron kurkuku.

Lami_K:
Ni 'yar Katolika ce, ina karantawa ina shiru, amma bari in sa baki. Masu cewa tsari da shugaba da Lahadi duk Konstantin ne ya kawo, su nemi abin da wani malamin Kirista, Jastin Shahidi, ya rubuta a Roma wajen shekara ta 155. Ya ce ranar Lahadi ana taruwa wuri ɗaya, a karanta rubuce-rubucen manzanni ko na annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a tashi a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi, a tara taimako don marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. Wannan bai yi nisa da abin da muke yi ba. Tun wajen 110 ma Ignatiyus na Antakiya yana maganar bishop da dattawa da dikinoni.

Sai dai akwai layi ɗaya a bayanin Jastin da ya tsaya mini saboda Habila. Ya ce dikinoni sukan kai wa waɗanda ba su zo ba rabonsu na Jibin. Ba za ka kai wa wanda bai zo ba sai ka san wa bai zo ba. Ke nan akwai mai ƙirga kai kowace Lahadi, kuma ba don rahoton yawan jama'a ba.

Rifkatu_B:
Lami, na kwafe wannan. Mu ma muna ƙirga, amma jimla muke rubutawa: maza kaza, mata kaza, yara kaza. Makiyayin Luka 15 da jimla kawai ya duba, 99 ai ba laifi.

Malam_Dauda:
Ba yau aka fara neman maganin nan ba. A 1742 mabiyan John Wesley a Bristol ta Ingila suka rarraba kansu kashi-kashi, kusan mutum goma sha biyu a kowane aji. Abin dariya, don biyan bashin gini aka fara, kowa peni ɗaya a mako. Shugabannin da ke zagawa karɓar kuɗin suka riƙa tarar da wannan na shaye-shaye, wancan na rigima da matarsa, wani na kwance ba lafiya. Wesley ya ga abin da yake nema ke nan, ajin ya koma taron mako-mako inda ake tambayar kowa lafiyar ruhunsa. Duk wata uku ana sabunta wa mutum tikitin zama memba, in ka yi sake ba a ba ka. Ka ga Ishaya, bashin gini ma ya taɓa haifar da alheri, don da ƙafa aka je karɓa, ba da saƙon waya ba.

A Seoul ta Koriya ta Kudu kuwa, Fasto David Yonggi Cho ya fara ikilisiya da 'yan mutane kaɗan a 1958. A 1964 ya faɗi don gajiya, shi ne ya raba ikilisiyar zuwa ƙananan ƙungiyoyin gida, yawancinsu mata ke jagoranta. Ta girma har ta kai dubban ɗaruruwa. Wata babbar ikilisiya a Amurka, Willow Creek, ta binciki kanta, a 2007 ta fito ta ce yawan halartar shirye-shiryenta bai nuna mutum na girma cikin bangaskiya ba.

Kande_A:
Duk kuna ta yabon ƙaramin taro. Ni na ɗanɗana, ba zan sake ba. Na bar babbar coci don ba a san ni ba, na shiga wani zumuncin gida, mu goma sha huɗu. Shekarar farko kamar sama. Aka karanta mana Yakubu 5:16, wai mu furta wa juna zunubanmu, na buɗe cikina na faɗi abin da ban taɓa gaya wa mahaifiyata ba. Kafin wata ya ƙare na ji shi a bakin wadda ba ta ma cikinmu, an sa masa suna batun addu'a. Shugaban kuma a hankali ya zama sai da izininsa za ka karɓi aiki ko ka yi tafiya. Ba dattawa, ba wanda za ka kai ƙara wurinsa. Gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Yanzu ina babbar coci, ina zama a baya, ba wanda ya san sunana, kuma barci nake har da minshari.

Dattijo_Yakubu:
Kande 'yata, Allah ya warkar da ke. Irin mutumin nan yana cikin Littafi, 3 Yahaya 9-10, Diyotarifis mai son shugabanci, har korar mutane yake daga ikilisiya. Kuma a zamanin taron gida ya yi nasa, ba mumbari ba lasifika. Ishaya, ka ji ko?

Ishaya_MaiBishara:
Na ji Baba. Amma ba a daina aure don wani ya doki matarsa.

Asabe_J:
Ni fa ina da tambaya ga mai zaren, kada ka ji haushi. Shekara shida kana layi na huɗu daga baya. Kana wace ƙungiya, mawaƙa, maza, nazarin Littafi? Ka gaya wa wani ba ka da lafiya? Yakubu 5:14 cewa ta yi marar lafiya ya kira dattawa. Sannan wanda ke zama kusa da kai, mene ne sunansa? Zumunci a ƙafa yake, ƙafar kuma ba ta fasto kaɗai ba ce.

Rifkatu_B:
Asabe, da gaskiyarki, amma a Matiyu 25:36 ba a ce na yi rashin lafiya na buga muku waya kuka zo ba. Akwai wanda ciwo ko kunya ko baƙin ciki ba zai bar shi ya kira kowa ba, kuma shi ya fi bukata.

Fasto_Bulus:
Ku biyun duk aya ce a hannunku. Kande ce ta fi tsaya mini a rai. Wanda yake so a neme shi da wanda yake so a ƙyale shi suna zaune a benci ɗaya, daga mumbari kuma fuskarsu iri ɗaya ce.

Habila_77:
Na karanta duka, na gode. Asabe, da farko raina ya ɓaci, na rubuta amsa na goge. Ba na cikin kowace ƙungiya. Ana idar da albarka nake fita don kada a tare mini mota. Ban gaya wa kowa ba.

Akwai wani dattijo mai sanda da ke zama a hannun hagu na. Shekaru muna gaisawa, in an ce a gaisa da na kusa shi nake fara miƙa wa hannu, sau da yawa ni ke buɗe masa lambar waƙa don idonsa ba ya gani sosai. Ban san sunansa ba. Kuma da nake karanta maganar Lami sai na tuna tun da na dawo, Lahadi uku ke nan, ban gan shi ba. Jiya na tambayi masu tsaron ƙofa, ɗaya ya ce ya gane mai sandan, amma shi ma bai san sunansa ba.

Har yanzu ban yarda laifina ne ni kaɗai ba. Ikilisiyar da ta adana lambata don kuɗin gini za ta iya adana ta don wani abu.

Mama_Talatu:
Ɗana, je wurin tsofaffin matan ikilisiyar ka kwatanta musu shi. Abin da ba ya cikin rajista yana wurinsu.

Danladi99:
Har yanzu dai ba wanda ya sayar da fili.

Kande_A:
Habila, in ka same shi ka fara tambayarsa ko yana son a zo, kafin ka kwaso masa jama'a.

Habila_77:
To Kande. Mama, ranar Laraba suke taro, zan je. Sakatare ya ce in ba suna ba zai iya duba rajista ba, amma yana tunanin akwai wata yarinya da takan riƙo hannunsa zuwa bakin ƙofa, wataƙila malaman makarantar Lahadi sun san ta.